Takardar da Na Kai Madani

Ni ne mutum na farko a ƙauyenmu da ya fassara maganar mutanen sama zuwa Hausa. Har yau ba wanda ya kama ni da kuskure, ko da yake yawancin waɗanda suka saurari fassarar sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuma kunnensu ya yi nauyi. Ilimin da na yi wannan gagarumin aiki da shi aji huɗu ne na makarantar gwamnati a garin Hajj Abdalla. Aji na huɗun ma sau biyu na yi shi, saboda malamai sun kasa rabuwa da ni.

Amma ba labarin ilimina zan ba ku ba. Labarin zauren babana ne, da yadda na raba shi da shi.

Ƙauyenmu yana bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Babana ya iso nan yana saurayi, a ƙasa, cikin ayarin masu niyyar Makka daga ƙasar Sakkwato. Guzuri ya ƙare masa, ya ce bari ya tsaya ya yi cirar auduga ta kaka guda. Kakar nan guda ita ta haife ni da ƙannena biyar. Daga baya ya je ya sauke farali ya dawo, ya gina zaure a bakin hanya, ya zama mai masauki.

Yaran yanzu ba su san wannan aikin ba. In aka ji labarin ayari ya taso daga Sennar, mai masauki ba ya zama ya jira. Yakan fita da kansa, ko ya aiki ɗansa, a taro baƙi tun daga nesa da goran ruwa. Kuma ba a tambayar baƙo sunansa ko garinsu sai ya kwana uku. A ba shi ruwa, a ba shi tabarma, a ba shi tuwo, a ƙyale shi da gajiyarsa. Bayan kwana uku sai babana ya kai shi wurin wani Balarabe mai hawasha, wato gonar auduga, ya tsaya masa, ya samu aikin gona har ya haɗa abin da zai kai shi Sawakin, bakin teku inda ake hawa jirgin ruwa. Wasu sukan yi wata biyu, wasu shekara biyu. Wasu suna nan kwance a bayan gari, babana ne ya yi musu wanka.

Sai lori ya zo ya rage su. Sai jirgin sama ya zo ya kwashe sauran. Lokacin da nake ba ku labari, farkon shekarun saba'in, zauren ya yi shekara shida ba wanda ya kwana cikinsa. In jirgi ya gifta ta samanmu ya nufi gabas, babana yakan ɗaga kai ya bi shi da kallo ya ce, "Ga baƙina can, sun wuce ba sallama."

Mahaifiyarmu ta rasu. Ƙannena sun watse, wani Madani, wani Sinja, mata kuma gidan aure. Tsaran babana sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Shekara hamsin yana ƙasar nan amma Larabcinsa bai wuce na gaisuwa da na sayen gishiri ba, jikokinsa kuwa in ya yi musu magana da Hausa sai su amsa da Larabci suna gudu. Duk da haka kullum da safe zai share zauren, ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya sauko da tabarmi ya kakkaɓe su ya mayar. Sa'an nan ya zauna a bakin ƙofa yana fuskantar hanya har rana ta kore shi.

Ni kuwa na haura talatin da biyar, ina noma a hawashar wani, bayana ya fara yi mini magana. Zauren yana daidai inda motocin kasuwa ke tsayawa. Duk mai ido ya san wurin dukkan ne, wato shago: sukari, ganyen shayi, sabulu, kananzir. Maiɗakina tana da ido, kuma tana da baki.

"Baba," na ce masa wata rana, "zauren nan fa ɓeraye kaɗai ke kwana ciki."

"Su ma baƙi na," ya ce.

"Ni da nake ɗanka fa?"

"Kai ɗan gida na. Ɗan gida ba ya kwana zaure."

Haka muka yi ta yi shekara biyu. Ni in kawo maganar, shi ya kakkaɓe ta kamar tabarma ya rataye.

A shekarar nan aka kawo talbijin ƙauyenmu. Ba gidan kowa ba, nadi aka kai shi, ɗakin taron samari da ke kusa da masallaci. Ana ɗora shi kan tebur a fili, a jona masa batirin mota, a shimfiɗa buhuna. Ran Talata bayan la'asar akan nuna wani wasan zane na yara, kafin a shiga shirin koyar da kashe tsutsar auduga.

Wasan na wasu halittu uku ne da suka faɗo daga sama cikin wani abu kamar an kife kwano kan kwano. Akwai dogo siriri kamar muciya, shi ne tsohonsu. Akwai gajere mai tumbi kamar tulu. Akwai ƙarami mai ƙafa uku. Duka suna da ƙaho biyu irin na fara. Wani da ya je birni ya ce wai korra ne su, amma akwatinmu baƙi da fari kawai ya sani, don haka a ƙauyenmu toka-toka ne. Kwanon nasu ya fashe a bayan gidan wani Bature, suka ɓuya a ɗakin da yake ajiye tarkace, suna koyon zaman duniya. Sukan gaida sandar fitila su jira amsa. Sukan ci sabulu su yi ta aman kumfa. Mai tumbin ya taɓa sa takalmi a ƙahonsa ya fita kasuwa.

Mutanen wasan Turanci suke yi, halittun kuma wani ƙiƙi-ƙaƙa kamar zabi. Dattawa suka ce a nemo mai ilimi. Aka duba, aka duba, aka samo ni. Turancina a lokacin bai wuce abin da na tsinta bakin wani mai duba gonaki ba, kuma rabinsa zagi ne. Amma na lura ba wanda ya fi ni, sai na gyara rawani na tsaya gefen akwati. In dogon ya yi ƙara in ce, "Ya ce wa ya taɓa masa buta." In mai tumbi ya amsa in ce, "Ya ce wallahi ba shi ba ne, ya tarar da ita haka." Jama'a su yi ta dariya. Liman da kansa ya ce Allah ya yi mini baiwar harsuna.

Babana bai zo ba sai a mako na huɗu, shi ma don na ja shi ne. Ya zauna a kan angarib, gadon igiyar da aka fito wa tsofaffi da shi, ya dogara da sandarsa. Kowa yana dariya, shi bai ko motsa baki ba. Da aka gama, muna tafiya gida a bakin tur'a, sai ya ce:

"Mutanen ga, wa yas sauke su?"

"Wa ya sauke su kamar yaya, Baba?"

"Mai masaukinsu. Wane ne?"

"Ba su da shi. Ɓuya suke yi."

"Mai gidan bai san suna nan ba?"

"Bai sani ba. Ai nan ne abin dariyar yake."

Muka wuce gadar katako. Sa'an nan ya ce, "Na ga ƙaramin ya saci burodi ta taga. Garin da baƙo ka satar abinci, ai garin ne ya yi abin kunya."

Daga ranar bai ƙara fashi ba. Tun azahar ran Talata zai sa jallabiyarsa ta Juma'a. Ya daina sauraron fassarata, ya koma yi wa wasan hukunci da kansa, da ƙarfi, har samari suna taɓa juna. In matar Baturen ta kore su da tsintsiya ya ce, "Ba a ba su ruwa ba tukuna." In ɗan sanda ya tsare su yana tambaya ya ce, "Kwanansu nawa da za ka tambaye su?" Da dogon ya nemi aiki a wani shago aka kore shi, babana ya buga sanda a ƙasa: "Ba a zuwa neman aiki kai kaɗai. Ɗan gari ka kai ka." Yara suka laƙaba masa lauyan mutanen sama. Na ji kunya, na kuma ji daɗi, don na shekara ban ji ya yi magana mai tsawon haka ba.

A ƙarshen kowane wasa akwai wani ɗan wuri da ba abin dariya. Dogon yakan hau rufin ɗakin tarkacen shi kaɗai, ya zauna, ya ɗaga kai sama, ƙahonninsa su lanƙwashe. Ba ya cewa komai, don haka ba ni da abin fassarawa. A nan yara ke tashi su kakkaɓe riga. Babana kuwa sai akwatin ya koma kan tsutsar auduga yake ɗauke ido.

Wata Laraba da safe ya aiko a kira ni. Na tarar ya zauna cikin zaure, ga takarda da alƙalami da ya sa aka sayo.

"Zauna, Ustaz," ya ce. In ya kira ni Ustaz to akwai magana. "Takarda za ka rubuta mini."

"Zuwa ga wa?"

"Zuwa ga baƙon ga."

Na ce a raina shi ke nan, tsufa ya kai inda ake tsoro. Na sassauta murya kamar mai lallashin yaro. "Baba, ai ba mutane ba ne. Zane ne. Hannu ya zana su."

Ya dube ni irin duban da yake yi wa akuya in ta shiga zaure.

"Aji huɗu munka sa ka, abin da ka samo ke nan? Na san zane na. Hannun nike nufi. Wanda yaz zana tsohon ga bisa rufi ya taɓa kwana garin da bai san kowa ba. Ba a ƙago wanga zama. Na ga mutum ɗari sun yi shi bakin ƙofar ga."

Na ɗauki alƙalami.

Ya faɗa da Hausa, na juya da Larabcina na aji huɗu, wanda ke tafiya kamar jaki mai ɗingishi amma yana isa. Bayan sallama ya ce a gaya wa mai zane cewa akwai zaure a ƙauye kaza, an share shi. Ya sauka a Hajj Abdalla, ya bi tur'a ya sa rana a bayansa, duk wanda ya tambaya zai nuna masa. Kada ya zo da komai. Ba za a tambaye shi sunansa ba sai ya kwana uku, in ma bai so faɗi ba shi ke nan. In yana da abokan tafiya ya zo da su, tabarmi sun isa. In yana son aiki, cirar auduga ta kusa, za a tsaya masa.

"Sa cewa ba mu da sabulun ci," na ce, "sai na wanka."

"Rubuta abin da nac ce."

Da muka gama na ce zan kai gidan waya ran kasuwa. Ya ce a'a. Ba a gayyatar baƙo ta akwatin ƙarfe, ɗan gida ke zuwa ya taro shi. In tafi Madani, gidan talbijin, in ba shi hannu da hannu.

A nan shaiɗanina ya farka, ya miƙe, ya yi hamma. Na ce, "Zan je, Baba. Amma in bai zo ba fa?"

Ya gane inda na nufa. Ya daɗe yana kallon tabarmin da ke rataye.

"In baƙo ya kwana zauren ga kahin a gama cirar auduga, ko shi ko wani, ko dare guda, ba ka ƙara yi mini maganar dukkan har in mutu. In ba wanda yaz zo, ɗauka."

Na ce na yarda. Wa zai ƙi? Shekara shida ba kowa.

Na hau bas ran Asabar da takarda a aljihu. A Madani na yi ta tambaya har na sami gidan. Mai gadi ya saurare ni, ya sake saurare, ya kira wani, wanin ya kira wani. Daga ƙarshe aka kai ni wani ɗan ɗaki mai fanka, cike da gwangwanaye masu faɗi kamar faifai. Mai kula da su wani saurayi ne siriri, baƙi ƙirin, dogo, Larabcinsa ma irin nawa ne, na aro. Ya ba ni kujera, ya aika aka kawo shayi.

Na miƙa masa takardar ina murmushi tun kafin ya buɗe, don ya san ni mai hankali ne, tsoho ne ya aiko ni. Ya karanta. Ya sake karantawa. Bai yi dariya ba.

Ya ce wasan a cikin gwangwanin nan yake zuwa daga ƙetaren teku. Ba mutum ɗaya ke zana shi ba, mutane ne da yawa a wani babban gida, kuma shi bai san ko ɗayansu ba. In an gama nunawa mayarwa ake yi. Ya nuna mini gwangwanin. Na taɓa shi, da sanyi.

"Babanka," ya ce, "da gaske ba ya tambayar sunan mutum?"

"Sai bayan kwana uku. Tsohuwar al'ada ce."

"Ni wata takwas ke nan a garin nan," ya ce. "Daga kudu aka turo ni. Kowa ya tambayi sunana da ƙabilata tun ranar farko, amma ban taɓa shiga gidan kowa ba." Ya yi ɗan murmushi, ya juya takardar a hannunsa. "Ran Alhamis da Juma'a ba ni da aiki. Ina zama a ɗakina in saurari fanka." Ya dube ni. "Dole sai mai zanen?"

Jama'a, na ji tambayar sarai. Larabcina na aji huɗu ne amma bai gaza nan ba. Na san bas ɗin Alhamis yana isa Hajj Abdalla kafin la'asar. Na san dare guda ya isa. A raina na ga babana yana fitowa da goran ruwa, na kuma ga kantocin da na riga na auna da igiya a ɓoye, na sukari a dama, na sabulu a hagu.

Sai na yi dariya, irin wadda ake yi in mutum ya yi barkwanci mai kyau. Na ce, "Wallahi kana da ban dariya, ya ustaz." Na shanye shayina. Shi ma ya yi dariya kaɗan, don ya taimake ni. Ya tambaya ko zai iya riƙe takardar, na ce ya riƙe. Ya ninke ta ya sa a aljihun gaban rigarsa. Ya raka ni har bakin ƙofa.

Na iso gida rana ta yi sanyi. Tun daga gadar katako na hango babana tsaye a bakin hanya, ba a zaune ba. Ya sa jallabiyar Juma'a ran Asabar. Yana leƙa bayana. Da na matso na ga ya sayi sabuwar tabarma, ya shimfiɗa ta a tsakiyar zaure, an yanka zakara, ƙamshi yana fitowa daga cikin gida.

Na gaya masa maganar gwangwani da ƙetaren teku da mutane da yawa. Na tsawaita ta, na ƙawata, ai ni tafinta ne. Ya saurara yana gyaɗa kai.

"To," ya ce. "Nesa ta yi yawa." Ya sake leƙa bayana. "Can Madani hwa, ko cikin mota, ba ka ga kowa ba? Ko mutum guda mai neman wurin kwana?"

"Ban ga kowa ba, Baba."

Ya dube ni. Ban san abin da ya gani ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana karanta fuskar wanda bai faɗi sunansa ba, ban tsammanin fuskar ɗansa ta yi masa wuya. Ya ce in shiga in ci zakara kada ya huce.

Bai jira an gama cirar auduga ba. Washegari da hantsi na tarar yana fitar da tabarmi ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Baba, ai da saura wata biyu." Ya ce ya sani. Na kai hannu zan taya shi, ya ce in bari. Wasu gara ta ci su ta ciki, suna zubewa a hannunsa. Ya tara su a bayan gida. Sabuwar ya naɗe ya miƙa mini, ya ce in kai wa yara.

Na kafa kantoci a makon. Shi ya riƙe mini ƙusoshi, yana miƙo mini ɗaya ɗaya, har ya gaya mini na hagu ya karkace, kuma ya karkace ɗin.

Ran Talata na zo ɗaukarsa zuwa nadi, ya ce gwiwa tana damunsa, in je in gani in ba shi labari. Na je na tsaya gefen akwati na yi aikina, jama'a suka yi dariya. Da na dawo na same shi ya mai da wurin zamansa bayan gida, inda ba a ganin hanya, sai tur'a da gonaki. Na tsuguna na fara ba shi labarin yadda mai tumbi ya shiga cikin injin wanki. Ya bar ni na kai ƙarshe. Sa'an nan ya tambaye ni ko sukarin da na saro ya iso, na ce sai Alhamis.